Fiyod ɗin Malam

Shekara talatin da ɗaya ina zana shi a allo:
duwatsu biyu a tsaye kamar ƙofar gari,
teku ya zura hannu a tsakaninsu
har ya taɓo cikin ƙasa.
Fiyod, nake ce wa yara, ku maimaita.
Su maimaita, su tuntsire da dariya,
wai kalmar ta yi kama da atishawa.
Ban taɓa faɗa musu ni ma ban gan shi ba.
Alli ne ke kai ni can kullum,
ya dawo da ni da farin gari a hannun riga.

Wata Asabar, ruwan Agusta ya ɗan ɗaga ƙafa,
Barau ya tsaya a ƙofar gidana a Tudun Jukun
da bas mai kujera sha takwas,
an rubuta mata Sai Haƙuri a goshi.
Tsofaffin ɗalibaina ne maƙil a ciki,
furfurar wasu har ta kamo tawa.
Lantana, mai yi wa mutane allura a Shika yanzu,
ta tsare mini gaba, jikin taga,
ta ɗora mini kwanon dambu a cinya.

Muka bi ta Wusasa.
Kufena ya wanke fuska da ruwan jiya,
ciyawa ta kama duk tsagar da ta samu.
Yaran suka hau, yaran da ke da jikoki.
Ni gwiwa ta ce a'a.
Na zauna a gindinsa, na dafa shi,
sanyinsa irin na randa.
Iliya ya leƙo daga sama: Malam, wane irin dutse ne wannan?
Na buɗe baki, sunan da ke littafi ya gudu.
Na ce, irin wanda ya girme mu duka.

Taya ta fashe kafin Dakace.
A nan dambun ya ƙare, a bakin titi,
muka bi shi da rake.

Galma ya cika, launin kunun kanwa.
Makau mai kwalekwale ya ƙirga mu da ido,
ya ce bakwai-bakwai, kuma kada kowa ya miƙe.
Ya ba Lantana rabin galan
ta riƙa kwarfe abin da ya shigo.
Ban iya iyo ba. Wannan ma ban taɓa faɗa ba.
Na riƙe katako, na karanta abin da na sani,
gora tana nitsewa tana fitowa,
zalɓe ya tashi a kasalance, ya sake sauka gaba kaɗan.

Sai kogin ya matse.
Gaɓa ta tashi dama da hagu, jar ƙasa,
tsayin mutum biyu, ko ba ta kai ba,
gamba ta sunkuyo daga sama ta tare rana.
Muryoyinmu suka fara dawo mana.
Barau ya manta doka, ya miƙe:
Malam, ga fiyod ɗinka!
Jirgi ya karkata, ruwa ya sha mini wando,
Makau ya zage shi tas.

Da muka daidaita ya ce, mene ne shi wannan ɗin?
Na gyara murya kamar da, na yi masa darasin,
ƙanƙara, da teku, da shekaru dubbai.
Ya saurara har ƙarshe, bai daina tuƙi ba.
Ruwa dai tsakanin tudu biyu? in ji shi.
To ai nan nake wuni.

Na saki katakon.
Na tsoma hannu har gwiwar hannu.

Ana kiran magariba muka shigo ta Ƙofar Doka,
kowa ya yi shiru, Iliya na minshari.
A gida Tabawa ta karɓi rigar, ta ɗaga ta a fitila,
ta ce, yau kuma ba alli ba ne.
Na ce kar ki wanke tukuna.