Layin Toka

Shekara talatin da ɗaya ina gadin lisen nan,
tun tana can bayan gari, hanyar Mirya,
ba maƙwabci sai gawo da awaki.
Yau gari ya biyo sawunta ya cim mata,
mai cajin waya ya jingina rumfa da katangarmu.

Ban yi lakwal ba.
Amma ni ke buga ƙarfen mota da ke rataye a dogon yaro,
ni ke zuba layin fili ran Laraba bayan azahar,
da tokar da nake kwasowa wurin masu tuyar ƙosai.

Akwai dutse a kusurwar gabas,
irin na Damagaram, da ba ya jin lallashi.
An kawo katafila, ta yi nishi ta koma.
Sai muka bar shi cikin wasa.
Baƙi su yi tuntuɓe,
namu su buga masa balo ya mayar musu a ƙafa.
Na goma sha biyu suke ce masa.

A ofishin dirakta an kafa allo,
sunayen waɗanda suka zama wani abu.
An ce da alƙali, da likita, da mai magana a rediyo.
Ban iya karanta shi ba.
Ni da ƙafa na san su.

Barira ce ta ƙi takalmin da Mushe Kiyari ya saya mata,
wai yana raba ta da ƙasa.
Zagaye biyu, ƙaya a diddige,
ta bar ƴan Birni suna neman numfashi.
Bara ta cire mini yanar idon hagu a Yamai,
ko dala ba ta karɓa ba,
sai tambaya: Baba, dutsen yana nan?

Mutari kuwa, Allah ya shirye shi,
bai taɓa shiga kokawa bayansa bai sha ƙasa ba.
Bayan aji na shida yake zuwa ya yi kukansa,
in yi kamar ina shara.
Yanzu in ya shigo kotu tashi ake yi.
Ban gaya wa kowa ba. To, yau na faɗa.

Zenu bahago ya tafi, ya ƙetare ruwa,
ya aiko da riguna sha ɗaya, kowace ta isa mutum biyu.
Har yanzu su ake sawa, a ƙulle a ƙugu.

Gambo fa?
Na sa wani yaro ya karanta mini allon, sama har ƙasa,
na ce sake.
Babu Gambo.
Shi ya tsaya a raga ranar kofin makarantu, hannu tsirara,
ya tare fanareti da ɗan yatsa,
yatsan ya karye, kofin ya kwana nan.
Sau biyu bak ta kayar da shi.
Yanzu kurar ruwa yake turawa, jarka goma,
a garin da ake kwana a layin famfo.
Amma duk Laraba sai ya tsaya bakin ƙofa,
ya sauke jarka guda,
ya yayyafa ta tsakanin sandunan raga,
don yaron da zai faɗi ya tarar da ƙasa mai laushi.
Ba ya zama kallo. Yana da masu jira.

Watan jiya wasu suka zo da awo da turaku,
suna duban filin kamar mahauci da sa.
Dirakta ya ce takarda na hannunmu.
Ni dai na san toka.

Nakan zuba ta miƙe, guiwa na ƙara,
kafin magariba ƙafafu sun share ta tas.
Matata takan ce wahalar banza.
Ban amsa mata.
Ranar da na wayi gari na tarar da layin yadda na bar shi,
ranar zan miƙa makulli.