Ranar da Muka Cinye Koto

Sauro ya tafi hutu a watan Disamba,
kada ya nutse cikin laka yana barcin sanyi,
sai Baba Ovide ya buga mana ƙofa tun da duhu:
"Teku ba ta jiran mai neman takalmi."

Muka cusa kanmu a a-kori-kurar Lucien,
ni da filas na gahawa mai ɗaci,
Odile da hular kakarta, ta rufe mata har gira,
jatan lande cike da kula, kwance kan ƙanƙara.
Hanyar Grand Isle siririya ce kamar zare,
ruwa a dama, ruwa a hagu,
gidaje sun hau dogayen ƙafafu irin na zalɓe
tun shekarar da guguwa ta koya musu hankali.

A kan gadar katako iska ta gaishe mu da mari.
Baba ya ciro ƙugiya, ya ciro zare,
sai yatsu suka ƙi.
Yatsun da suka yi shekara arba'in suna ɗinkin koma
yau suna rawa kamar ganye a bakin rafi.
Sau uku zaren ya wuce ƙofa bai shiga ba.
Na juya ina ƙirga kwasakwasa,
Lucien ya hau gyaran abin da bai lalace ba.

Odile ce ta miƙa hannu, 'yar shekara tara.
Ta zura, ta murɗa sau bakwai,
ta jiƙa da yawu, ta ja,
ta datse saura da haƙori.
"Wa ya koya miki?" in ji shi.
"Kai mana, bara. Har faɗa ka yi mini."

Muka jefa.
Ruwa ya cika, ruwa ya janye,
ƙaguwa tana sace mana koto ba ko na gode.
Sai da rana ta kai tsaka sandar Lucien ta rusuna:
jan kifi, mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya.
Aka kwantar da shi kan ma'auni,
saura faɗin yatsa ɗaya ya cika doka.
Lucien ya ce a taka wutsiyar ta miƙe.
Baba bai ce uffan ba, ido kawai.
Kifi ya koma gida da labari.

Da la'asar muka sauka tafkin bayan gida,
inda gishiri bai san hanya ba,
inda Mama Eulalie take watsa ɓawon burodi
kowace yamma, kafin ta bar mu da hularta.
Ruwan ya yi shiru, launin shayi,
itatuwa sun tuɓe suna kallon kansu a ciki.

Nan ne fatsar Baba ta yi nauyi.
Ya ja, ta ja shi, ya dafa kafaɗata,
ƙullin yarinya bai ko motsa ba.
Tarwaɗa ce, tsohuwa, mai gashin baki guda da rabi.
Ya daɗe yana dubanta.
"Wannan ta ci burodin uwarku," ya ce,
ya zare ƙugiyar a hankali,
kuma na rantse, a lokacin hannun bai yi rawa ba.

To, me za a ci?
Kula ba kifi, sai ragowar koto.
Na yanka albasa, na yanka kuɓewa,
na soya gari a mai har ya yi duhu,
jatan landen da teku ta raina
muka juye shi a tukunya, muka ɗora kan shinkafa.

Odile ta yi barci da cokali a hannu.
Baba yana bakin murhu da guntun zare,
yana zurawa, yana kuskurewa,
yana sake zurawa.