Tsakanin Ƙugiya Biyu

Ɗakina a Punta Arenas taku shida ne da rabi.
In na miƙa hannu, bango ne ke amsa gaisuwa.
Gadon ƙarfen da na tarar na sa an fitar,
ya cinye ɗakin, bai ba ni barci ba.

Sai na kwance ƙunshin da na taso da shi daga arewa,
daga bakin tekun da ba ya sanyi:
ragar kwana, saƙar goggona Eudocia,
ja da shuɗi, gefe ɗaya ya koɗe
inda rana ta saba samunta a barandarmu.

Ƙugiya biyu na kafa, ɗaya kusa da taga,
ɗaya saman ƙofa.
Herminia mai gidan ta hawo tana haki,
ta dubi ramukan, ta dube ni:
"Kifi ce ke, da za ki kwana a raga?
Bangon nan ya girme ki, ki sani."

Daren farko na sha mamaki.
Hitar gas na ta hura shuɗin harshenta a lungu,
hancina na gumi,
bayana kuwa kamar an jingina shi da ƙanƙara.
Ashe ɗumi sama yake so,
sanyi kuma ɓarawo ne, ta ƙasa yake shiga.
Bargo uku a kaina, duk a banza,
an kulle ƙofar gaba an bar ta baya a buɗe.

Baldomero, mai askin tumaki a ɗakin ƙasa,
ya ji labari bai ce komai ba.
Da yamma na tarar da buzu a bakin ƙofa,
yana warin maiƙo da ciyawa.
Na shimfiɗa shi cikin ragar.
Tun ranar tunkiyar da ban sani ba ke goye da ni.

Ba a kwanciya a miƙe, sai a karkace,
kai gabas, ƙafa ta ɗan leƙa kudu,
sai ragar ta buɗe kamar tafin hannu.
Ina dawowa daga masana'anta
yatsuna sun tsattsage da ɓawon kaguwa,
in rataya safa kusa da hita,
in bar taga a ɗan buɗe, faɗin yatsa,
don gas ba ya sallama in zai yi kisa.
Sai in tura bango da babban yatsan ƙafa, sau ɗaya.
Sauran aikin na igiya ne.

A waje iska na jan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
A ciki ƙugiya na cewa ƙiii, ta yi shiru, ta sake.
Ba na ƙasa, ba na sama,
ba na can, ban gama zama a nan ba.
Wurin ya yi daidai da ni.

Ran wata Lahadi a watan Yuli, dusar ƙanƙara ta toshe hanya,
Herminia ta hawo karɓar kuɗin haya, dafe da ƙugu.
Ta ce bari dai ta ji abin da nake ji,
minti ɗaya, kada in gaya wa kowa.
Na riƙe mata gefe, ta zauna da tsoro,
ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar,
ta ce wani abu game da mijinta da jirgin ruwa,
ba ta kai ƙarshen zancen ba.

Na rage wutar hita.
Na rufa mata bargona mai kauri.
Kuɗin hayar na nan kan tebur, ƙarƙashin kofi.
Ni kuwa ga ni a ƙasa, kan kwali da rigar sanyi,
ina kallon ƙugiyar da ke saman ƙofa,
ina roƙon tsohon bangon nan ya riƙe.