Inuwar Ƙuda

Kwana tara na yi a kan faifai ɗaya
a ɗakina na Bolari, tagar gabas a buɗe.
Hajja Dudu mai gidan abinci ce ta sa ni:
"Bappayo, cika min bango,
wanda ya shigo, yawunsa ya tsinke kafin ya zauna."

Na jera mata duniya.
Mangwaron Dadin Kowa mai fata kamar an shafa man shanu,
kankana a tsage, ja har zuciya,
gwaiba uku, tumatirin Kwadon,
karfasa biyu masu idon azurfa,
ga ƙwaryar nono, farinta na kashe ido.

Ran farko komai dariya yake.
Washegari wari ya kori kifin,
sai da ka na ƙarasa idanunsa.
Ran na huɗu nono ya tsinke,
mangwaro ya fito da baƙin tabo a kunci,
irin wanda na gani a bayan hannun Baba
shekarar da ya jingine fartanya.

Ina dama fenti, suna tafiya.
Launin da na haɗa da hantsi
kafin la'asar ya zama ƙarya.

Ran na bakwai ƙuda ya sauka bakin kankana
yana wanke hannu
kamar baƙon da aka ce wa bisimilla.
Shi kaɗai ke da rai a faifan.
Na zana shi, har jijiyar fiffike.

Hajja ta zo, ta riƙe haɓa.
"Wa zai ci tuwo a ƙarƙashin ƙuda?"
Mai kuɗi ta faɗa.
Na shafe shi da jan fenti,
amma inuwarsa, ɗan ɗigo kamar ƙwayar riɗi,
na bar ta inda take.

Kayan faifan akuyar maƙwabta ta gada.
Zanen yana can kusa da Tashar Dukku,
mangwaron bai ƙara kwana ko ɗaya ba,
nonon bai yi tsami ba,
ba kuma wanda zai taɓa sha.

Jiya na je cin abinci.
Wani tsoho, direban tirela,
ya tsaya da loma a hannu yana kallon ɗigon nan.
Ya daɗe.
Sannan ya tura wa yaron motarsa sauran naman,
ya ce, "Ci da zafinsa."