Ɗaki Marar Taga

A Agrigento, a gangaren tudun da ginshiƙai ke tsaye,
kakana Gaspare yana da ɗaki a ƙarƙashin gida.
Matakala goma sha ɗaya, ta bakwai ta lotse a tsakiya,
da ƙafa ake saninta, ba da ido ba.
Randunan man zaitun a jere kamar mata a gidan makoki,
tafarnuwa a igiya, cuku a rataye,
da wani sanyi da rana ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Na dawo daga karatu a Palermo, baki cike da Latin,
irin ɗan tsakon nan, samu ka ƙi dangi.
Na ja shi har haikalin da ke bisa tudu,
na ce, Kaka, ka ga ɗakin can na tsakiya,
bango huɗu, ƙofa ɗaya? Cella Rumawa ke ce masa.
Nan gunki yake zama, fuska ga gabas.
Girkawa kuwa naos suka ce, wato mazauni.

Ya ture hula, ya sosa ƙeya.
Ya ce, to ɗakin mai fa, me Rumawan naka suka kira shi?

Na buɗe ƙamus, kunya ta rufe ni.
Cella.
Rumbun hatsi, cella. Ɗakin bawa, cella.
Ramin zuma a cikin saƙarsa, shi ma haka.
Kalma ɗaya, nono guda suka sha da ɓoyewa,
ta ɗauko abin bauta da tulun mai
a kai ɗaya, ba ko gammo.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, ai ba su yi ƙarya ba.
Shekarar da jirage suka yi wa garin nan ruwan wuta
ina ɗan shekara shida.
Uwata ta cusa mu bayan randuna, kwana da kwanaki,
ƙasa na zubo mana a ka kamar gari daga rariya.
Ginshiƙan can ba su ɓoye kowa ba.
Abin da mutum ke tsoron rasawa
shi yake kaiwa ɗaki marar taga.

Na ce akwai wani kuma, can ƙurya bayan cella,
aditon. Ma'anarsa, ba shiga.
Bai tanka ba.
Ya tsinki wani ganye, ya murza, ya shinshina yatsunsa.

A kakar zaitun ya rasu.
Mabuɗin yana aljihun rigarsa, ɗaure da jan zare.
Na sauka. Ta bakwai ta gane ƙafata.
Bayan randar ƙarshe akwai labulen buhu,
tun muna yara ba wanda ya ce kar mu ɗaga,
mu ma ba mu taɓa ɗagawa ba.

Na ɗaga.
'Yar kujera. Guntun kyandir.
Takalman kakata Alfonsa, baƙaƙe, ba a daɗe da goge su ba.
Kwalba guda, an rubuta mata shekara da alli,
shekarar da muka kai ta makwanci.
Man ya yi duhu, murfin bai taɓa motsi ba.

Na saki labulen.

Yanzu ni ke zagayawa da baƙi a tudun nan.
Ina sayar musu da kalmomi ɗaya ɗaya:
ga opistodomos, ɗakin baya, ma'ajin dukiya,
ga kripta, ɓoyayye.
In sun ce aditon fa, in ce ba shiga,
in yi gaba, in nuna musu teku.

Da yamma nakan sauka ɗebo mai don girki.
Fitilar ba ta kai ƙurya.
A kan ta bakwai nakan tsaya
in yi gyaran murya.