Zaren Usta Hamidan

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani
har ta haɗiye sifana ta hana,
nan na koyi kwanciya a ƙarƙashin ƙarfe.

Ran nan Mudassiru ya shigo da gingimarin motarsa,
buhu ɗari uku a gadon bayanta,
ya diro yana yarfe hannu:
"Tun daga Kassala take fizga ta hagu.
Kafaɗata ta mutu, Usta. An yi mata baki."

Usta Hamidan bai ce uffan ba.
Ya shanye gahawarsa, ya kife finjali,
ya shafa taya kamar mai tayin rago:
gefe guda sumul, kamar tafin jariri,
gefe guda haƙoranta na nan daram.
"Direba na ƙarya, mai mota na ƙarya,
taya ba ta iya ba.
Yaro, miƙo zare."

Zaren ɗinkin buhu ne, ya yi baƙi da giris.
Na riƙe a cibiyar tayar gaba,
ya ja har cibiyar ta baya, ya ɗaura ƙulli.
Muka zagaya hagu.
Ƙulli ya wuce wurinsa da yatsa biyu.

Yatsa biyu kacal!
Su ne suka murɗe ƙaton namiji kwana da yini.

Na kafa jak, na shige, ƙasa na zuba mini a ido.
Ga sifirin, falle tara a jere:
dogon a sama, mai ido biyu, shi ake yabo,
gajerun a ƙasa, su ke shan nauyi.
Ƙusar tsakiya da ta haɗa kansu ta karye,
ƙarfen da ke riƙe da tayoyi ya ja da baya
ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Muka kai magariba muna dukan noti.
Usta na zaune kan tsohuwar taya,
yana zane da tsinke a ƙasa:
"Ka ɗauka tayoyin gaba a miƙe suke?
Duba da kyau. Sun ɗan sunkuyar da kai ga juna,
kaurin tsinken nan, ba ya fi ba,
don hanya aikinta raba su.
In an zo kwana kuma,
ta ciki ta fi ta waje karyewa,
da'irarta ƙarama ce, ba laifinta ba ne.
Ka tilasta musu kwana iri ɗaya,
ɗaya za ta ja ƙafa tana kuka."

Na ce, to wa ke mayar da sitiyari
in direba ya sake shi bayan kwana?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wanda ya ƙera ta ya kishingiɗar da kinfin kaɗan.
Nauyin da ta ɗauka shi ke komar da ita hanya.
Mota fanko ta fi yawan wasa."

Da asuba Mudassiru ya tayar,
ya karya kwanar masallaci, ya ɗaga hannu biyu sama,
sitiyari ya warware kansa a hankali
kamar mai komawa sahu.
Ya danna ham, ya nufi Bur Sudan.
Rabin kuɗin aiki har yau yana hanya.

Bana hannun Usta ya fara rawa,
ƙulli ba ya ɗauruwa.
An ce a Jidda da haske ake awo,
inji ya faɗa maka da lamba.
Madalla. Mu nan zare na aljihuna.
Ni ke ja yanzu, shi ke riƙe cibiya,
in na ce yatsa ɗaya, sai ya ce:
"Naka ko nawa?"