Mai Ƙararrawa a Tlaxiaco

Shekara talatin da ɗaya ina share ajin nan,
ni Crisóforo, mai tsintsiya da ƙararrawa,
a Tlaxiaco, inda gajimare ke gangarowa daga duwatsu
ya kwana kan rufin kwano har hantsi.

Karatuna bai yi nisa ba,
amma mai shara daga ƙasa yake karanta makaranta:
abin da aka yar shi ke faɗin abin da aka koyar.
Da, ɓawon lemo nake kwashewa da guntun alli.
Bana jan fenti ne da yankakken kwali.

Malama Herlinda ba ta ƙarya, ni shaida ne.
Wata huɗu albashinta yana hanya
kamar jakin da ya ɓace tsakanin birni da ƙauye.
Rufin aji uku yana yoyo,
da kuɗin cefanenta ta sayo bokiti.
Ba don ƙungiyar malamai ba, da tuni an kore ta
tun ranar da ta ƙi yi wa ɗan takara tafi.
Na san wannan. Ni na riƙe mata jaka
ranar da hayaƙin 'yan sanda ya sa mu hawaye tare.

Amma ran Talata, lokacin lissafi,
ta goge rabawa daga allo
ta rubuta taken ƙungiya, layi uku,
ta ce, "Ku maimaita."
Baki arba'in, murya ɗaya,
kamar 'yan tsaki an watsa musu tsaba.
Kafin in kaɗa tara sun haddace,
su da bakwai sau takwas ke kayarwa tun bara.

Ina bakin taga da tsumma a hannu
sai Zenaida, 'yar mai gasa masara,
wadda takalmin yayanta ke mata yawa,
ta ɗaga yatsa:
"Malama, babana ɗan waccan jam'iyyar ne.
Shi ma maƙiyin talaka ne?
Ai jiya a wuya ya ɗauke ni muka haye rafi."

Aji ya yi tsit.
Ɗis. Ɗis. Bokiti kaɗai ke ba da amsa.
Alli ya karye a hannun Malama,
rabi ya gangaro har gaban tsintsiyata.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji mutane.
Gwamna ya san haka, ƙungiya ta sani,
limamin coci ma ya sani,
kowa ya miƙo hannu yana neman reshe.
Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi iccen
ta ina rana ke fito masa ba.

Laraba Malam Abundio, sakataren reshe,
ya zo da takarda: kowane aji, yara nawa za su fita maci?
Ta daɗe tana kallon layinta.
Ta rubuta ɗaya.
Ya ce, "Ɗaya wa?"
Ta ce, "Ni."
Ya fita bai yi sallama ba,
kuma sati biyu ba wanda ya zauna kusa da ita wajen shan kofi.

Juma'a ta tafi, kwalinta a kafaɗa,
haruffan a karkace, rubutun yara ne,
ba ta da kuɗin sayen wani.
Albashin bai zo ba har yau.

Rabawa ta dawo kan allo.
Can ƙasa, a kusurwar hagu,
ta rubuta tambayar Zenaida, ba amsa,
ta ce mini, "Crisóforo, nan kada ka goge."

Kullum nakan kewaye wurin da tsumma.
Allin yana dusashewa da kansa,
damina tana cinsa ta tsagar bango.
Jiya na tarar an bi kan haruffan da sabon alli,
hannun yaro ne, ban san wanne ba.
Na jingine tsintsiya, na je na kaɗa takwas.